Lambobin Tunawa: Asalinsu da Abin da Ke Ba Su Daraja a Wurin Masu Tarawa

Lambar tunawa wani faifan ƙarfe ne, galibi zagayayye, wanda ake zubawa ko ake bugawa da hoto da rubutu a fuskokinsa biyu domin a dawwamar da ambaton wani mutum ko wani al'amari, kamar naɗin sarki, ko cin yaƙi, ko ƙulla sulhu, ko aza harsashin wani babban gini. A ido tana kama da tsabar kuɗi, kuma sau da yawa gidan buga kuɗi ɗaya ne ke fitar da su duka biyun, amma lambar ba ta ɗauke da wata ƙayyadaddiyar ƙima da hukuma ta wajabta wa 'yan kasuwa su karɓa, don haka ba a ƙera ta domin yawo daga aljihu zuwa aljihu ba. Daga wannan bambanci ne siffarta ta samo asali, domin sulalla dole ne su zama marasa kauri kuma shafaffu don su jeru a kan juna su kuma jure gogayya, ita kuwa lamba tana iya kai faɗin tafin hannu, hotonta ya yi tudu har yatsa ya ji ƙashin kunci da naɗin rawani. Tana da 'yar'uwa ta kusa, wato lambar yabo, wadda ake rataya wa soja ko masani ko ɗan wasa saboda wani abin da ya aikata da kansa. Masana suna raba su gida biyu, sai dai iyakar da ke tsakaninsu ba ta da kauri, tun da lambar da aka ba duk sojan da ya halarci wani yaƙi yabo ce a gare shi kuma tunawa ce da yaƙin, sannan dillalai ɗaya da gidajen gwanjo ɗaya ne ke cinikinsu.

Tushen al'adar yana daular Rum, inda sarakuna suka riƙa buga manyan tsabobi na zinariya da azurfa da tagulla waɗanda nauyinsu ya ninka na kuɗin kasuwa, suna raba su ga hakimai da manyan hafsoshi a matsayin kyauta. Ɗaya daga cikin mafiya shahara ita ce ta zinariya wadda aka tono a shekarar 1922 a Beaurains, kusa da garin Arras na Faransa, mai nuna sarki Constantius a kan doki riƙe da mashi, wani mai wakiltar birnin Landan ya durƙusa masa a bakin ƙofar gari, ga kuma jirgin yaƙi a kan kogi, domin tunawa da ƙwato Birtaniya daga hannun masu tawaye a shekarar 296. Duk da haka irin waɗannan ba su rabu da kuɗi gaba ɗaya ba, domin da ma'aunin kuɗi aka auna su. Bayan rushewar Rum ta yamma al'adar ta kwanta na ƙarnoni masu yawa, ba ta sake motsawa sosai ba sai a ƙarshen ƙarni na 14, lokacin da masu mulkin birnin Padua suka sa aka buga musu 'yan lambobi a 1390 ta hanyar kwaikwayon tsofaffin tsabobin Rumawa.

Wanda ake danganta haihuwar lambar tunawa da shi, a siffar da aka san ta yau, shi ne mai zanen nan na Italiya, Antonio Pisano, wanda aka fi sani da Pisanello. A shekarar 1438 sarkin daular Rum ta gabas, John Palaiologos na Takwas, ya zo birnin Ferrara domin taron haɗa kan cocin gabas da na yamma, alhali babbar buƙatarsa ita ce ya samu gudummawar yaƙi a kan Turkawan Usmaniyya da suka yi wa birninsa zobe. Pisanello ya ga baƙon da tawagarsa, ya zana su a takarda, sannan ya fitar da wata lamba mai faɗin kimanin santimita 10, wadda fuskarta ke nuna sarkin ta gefe da gemunsa mai tsini da doguwar hularsa mai baki kamar gaban kwalekwale, bayanta kuma yana bisa doki ya tsaya a gaban wani gicciye a bakin hanya. Ya sa hannu a kanta da lafazin da ke bayyana cewa aikin mai zane ne, abin da ke nuna cewa ya ɗauke ta a matsayin aikin fasaha mai zaman kansa. Shekara 15 bayan wannan ziyara Kustantiniyya ta faɗa hannun Turkawa, sai lambar ta zama ɗaya daga cikin ƙalilan hotunan da aka ɗauko daga fuskar wani sarkin wannan daula yana raye.

Hanyar da Pisanello ya bi ita ce zubi, kuma fahimtar ta wajibi ce ga duk mai son gane farashin tsofaffin lambobi. Mai aikin yakan sassaƙa hoton da kakin zuma a kan wani shafaffen faifai, ya danna samfurin a cikin lallausan yashi ko yumɓu domin ya bar gurbinsa, ya haɗa gurbin fuska da na baya, ya kwarara narkakkiyar tagulla ko dalma a tsakaninsu, idan ta huce ya bi ta da ƙananan kurfi yana gyara gashin kai da haruffa, a ƙarshe ya shafa mata wani ruwa da ke ba ta launin ƙasa-ƙasa. Kowace lamba aikin hannu ce, kuma kaɗan ake fitarwa. Cikin kimanin shekara goma Pisanello ya yi lambobi fiye da 20 ga masu mulkin Ferrara da Mantua da Rimini da Naples, waɗanda suka gane nan da nan cewa sun samu abin da hoton bango ba zai ba su ba: hoto mai shiga aljihun manzo, wanda ake iya ninkawa a aika wa sarakuna goma a lokaci guda, kuma ruwa da gara ba sa cin sa. Sigismondo Malatesta na Rimini har binne lambobinsa ya riƙa sa wa ana yi a cikin harsashi da bangon gine-ginensa, domin waɗanda za su zo bayan ƙarnoni su san wanda ya gina, kuma an tono su a can daga baya. Sha'awar ba ta tsaya a ƙasashen Kirista ba, domin Sultan Muhammadu na Biyu, wanda ya ci Kustantiniyya a 1453, ya nemi a turo masa masu fasaha daga Italiya, inda Costanzo da Ferrara ya yi masa wata babbar lamba mai nuna shi da rawani a fuska da kuma bisa doki a baya, shi kuma Gentile Bellini, wanda Venice ta aika masa a 1479, ya yi masa wata mai kambuna uku a bayanta.

Daga ƙarni na 16 bugu ya fara rinjayar zubi. A wannan hanya ana haƙa hoton a juye a kan hatimin baƙin ƙarfe guda biyu, a taurara su da wuta, a sa faifan ƙarfe a tsakaninsu, a matse da wani inji mai dunƙulen sukuru da ƙarti ke juyawa, ta yadda hatimi ɗaya zai fitar da ɗaruruwa ko dubbai masu kama ɗaya. Faransa ce ta mayar da wannan dama aikin hukuma. A 1663 minista Colbert ya kafa wani ƙaramin kwamitin masana wanda aikinsa ya haɗa da tsara hotuna da kalmomin da za a sa a lambobin sarki Louis na Sha Huɗu, kuma a 1702 aka wallafa babban littafi mai ɗauke da lambobi 286 da ke ba da tarihin mulkinsa daga haihuwarsa zuwa yaƙe-yaƙensa da gine-ginensa. Tarihi ne da fada ta rubuta wa kanta, saboda haka nasarori sun cika shi, wahalar talakawa da yaƙin da aka sha kashi kuwa babu gurbinsu.

A nan ne ya kamata mai nazari ya yi hattara, domin ƙarfe yana sa magana ta yi kama da tabbatacciya, alhali lamba ba ta faɗin komai sai abin da wanda ya biya kuɗin yin ta yake so a tuna. A 1572, bayan kisan dubban Kiristoci 'yan Furotesta a Paris da wasu garuruwan Faransa, Fafaroma Gregory na Sha Uku ya sa aka buga lamba mai nuna mala'ika riƙe da takobi da gicciye a kan gawawwaki, wato abin da duniya ke tunawa a matsayin ta'asa an dawwamar da shi a matsayin nasara. A Ingila, bayan Admiral Vernon ya ci Portobello da jirage shida a 1739, 'yan kasuwa sun cika gari da lambobinsa na arha, kuma da labari ya iso a 1741 cewa ya kusa cin Cartagena, a ƙasar Kolombiya ta yau, sai suka yi gaggawar buga wasu masu nuna kwamandan Sifaniya, Blas de Lezo, a durƙushe yana miƙa takobinsa. Vernon bai ci garin ba, cuta da tsayin dakan masu tsaro suka kore shi da asarar dubban mutane, amma lambobin suna nan har yau suna shaidar abin da bai faru ba, kuma wannan kuskure yana cikin abin da ke jan hankalin masu tara su.

Misalin da ya fi kowanne bayyana yadda ake yaƙi da lamba shi ne na jirgin ruwan Lusitania, wanda jirgin ƙarƙashin teku na Jamus ya nutsar ranar 7 ga Mayu 1915, mutane kusan 1,200 suka halaka. Wani mai sassaƙa a birnin Munich, Karl Goetz, ya zuba wata lamba don kashin kansa, wadda fuska ɗaya ke nuna jirgin yana nitsewa da makamai a kansa, ɗayar kuma ƙwarangwal na sayar wa fasinjoji tikiti ta taga, manufarsa ita ce ya ɗora laifin a kan waɗanda suka loda wa jirgin fasinja kayan yaƙi duk da gargaɗin da aka yi. Sai dai ya yi kuskuren kwanan wata, ya rubuta 5 ga Mayu. Hukumomin Birtaniya suka samu kwafi ɗaya, suka sa aka zuba kwaikwayonta na baƙin ƙarfe kimanin 250,000 ko fiye, ana sayar da kowace sule ɗaya a cikin ɗan akwati tare da takardar da ke cewa Jamus ce ta yi ta don murnar kashe mata da yara, aka kuma riƙa yaɗa cewa kwanan watan hujja ce cewa an shirya kisan tun kafin ya auku. Hoto ɗaya ya yi wa ɓangarori biyu masu gaba aiki. A kasuwar yau ta Goetz ta farko, wadda 'yan ɗaruruwa kawai aka zuba, ta ninka kwaikwayon Ingila kuɗi sau da yawa, kuma ɗaya daga cikin alamomin da ake dubawa ita ce yadda aka rubuta sunan watan, domin da yawa daga cikin na Ingila sun fito da rubutun Ingilishi a maimakon na Jamusanci.

Injin tururi ne ya sauko da lamba daga fada zuwa hannun talaka. A ƙarshen shekarun 1780 Matthew Boulton ya kafa injinan bugu masu aiki da tururi a Soho, kusa da Birmingham, kuma daga wannan masana'anta ce aka fitar, a 1814, da wata lamba ta tagulla domin Saliyo mai tunawa da dokar hana cinikin bayi ta 1807. Fuskarta na nuna Bature da baƙar fata suna musafaha, bayanta kuwa rubutun Larabci ne, domin waɗanda suka sa aka yi ta sun san cewa fataken Musulmi da ke saukowa Freetown daga cikin ƙasa da Larabci suke karatu. A daidai wannan zamani Birtaniya ta ba duk sojanta da ya halarci yaƙin Waterloo na 1815 lambar azurfa iri ɗaya, daga janar har kurtu, da sunan kowa da rundunarsa a buge a gefen lambar, al'adar da daga baya ta zama ginshiƙin kasuwar lambobin soja. Babbar lambar Waterloo da aka ba Benedetto Pistrucci aikinta a 1819 domin sarakunan da suka yi nasara kuwa ba a gama hatimanta ba sai 1849, lokacin da sarakunan duk sun mutu, kuma ba a taɓa buga ta ba saboda tsoron kada hatiman su tsage wajen taurarawa. Zuwa ƙarshen ƙarni na 19 injin rage girma, wanda ke bin babban samfuri yana haƙa ƙaraminsa a kan hatimi, ya ba masu sassaƙa irin su Oscar Roty na Faransa damar fitar da lambobi masu laushin zane kamar an yi su da alƙalami.

Idan aka juyo ga batun daraja, abin da mafi yawan mutane ke fara tambaya shi ne nauyin zinariya ko azurfar da ke jikin lamba, kuma wannan shi ne mafi ƙanƙantar ma'auni. Kuɗin ƙarfe shi ne ƙasan farashi, wato abin da maƙeri zai biya don ya narkar, duk abin da ya hau kansa kuwa kuɗin tarihi ne da fasaha da ƙaranci. Lambar Nobel da aka ba James Watson a 1962 saboda gano tsarin ƙwayar gado tana da zinariya kimanin giram 200, wadda kuɗinta bai kai dala 10,000 ba lokacin da gidan gwanjon Christie's ya sayar da ita a 2014 a kan fiye da dala miliyan 4.7. Ɗaya daga cikin lambobi huɗu da Jesse Owens ya ci a wasannin Olamfik na Berlin a 1936 ta samu kusan dala miliyan 1.5 a 2013, alhali azurfa ce da aka yi wa ruwan zinariya, domin tun bayan 1912 ba a sake ba da lambar Olamfik ta zinariya zalla ba. Abin da aka saya shi ne labarin baƙar fatan da ya yi fice a gaban gwamnatin da ta gina aƙidarta a kan fifikon launi. Dala miliyan 103.5 da aka biya a 2022 a kan lambar Nobel ta zaman lafiya ta ɗan jaridar Rasha Dmitry Muratov ita ce mafi tsada da aka sani, amma ba ma'aunin kasuwa ba ce, tun da an sanar tun farko cewa kuɗin za su tafi ga asusun UNICEF domin yaran Yukren da yaƙi ya raba da gidajensu, don haka cinikin ya fi kama da sadaka.

Ƙaranci shi kaɗai ba ya ɗaga farashi sai ya haɗu da masu nema. Akwai lambobin ƙananan ƙungiyoyi da baje-kolin gundumomi waɗanda ba su fi goma da suka rage a duniya ba, amma ana sayar da su da arha saboda babu wanda labarinsu ya dama. Lambar da Benjamin Franklin ya sa Augustin Dupré ya haƙa a Paris a 1783 domin tunawa da 'yancin Amurka, mai nuna jariri yana shaƙe macizai biyu alamar nasarorin Saratoga da Yorktown, ta fi waɗancan yawa nesa ba kusa ba, amma tana da tsada ƙwarai domin attajiran ƙasa guda mai arziki suna ganin ta a matsayin wani yanki na asalinsu. Wannan ne ya sa farashin lamba yake bin arzikin al'ummar da take ba da labarinta, kuma ya sa lambobin ƙasashen da tattalin arzikinsu ya bunƙasa suke tashi idan 'ya'yan ƙasar suka fara sayo tarihinsu daga waje. Kishiyar wannan ita ce lambar da aka ƙera musamman domin a tara. Kamfanin Franklin Mint, wanda aka kafa a Amurka a 1964, ya sayar wa jama'a jerin lambobin azurfa na shugabanni da jihohi da manyan abubuwan tarihi ta hanyar biya wata-wata, kuma da yake kowane mai saye ya adana nasa a cikin akwati ba tare da ko ƙwarzane ba, ranar da aka fito sayarwa sai kaya suka fi masu nema yawa. Lokacin da azurfa ta kusa dala 50 kowace oza a Janairun 1980, an narkar da ɗimbinsu a kan kuɗin nauyi. Darasin yana nan daram ga duk wanda ake tallata wa lambar zamani da alkawarin cewa adadinta ƙayyadadde ne, domin ƙayyade adadi a ofishin mai sayarwa ba ya haifar da mai nema bayan shekara ashirin.

Tambaya mafi wuya ita ce yaushe aka yi lambar da ke hannu, domin shekarar da ke rubuce a fuskarta shekarar abin da ake tunawa ce, ba lallai ta zama shekarar bugu ba. Mutanen ƙasar Hausa da Barno sun daɗe da riƙe misalin wannan a hannunsu, wato liyari, babbar tsabar azurfa mai hoton sarauniya Maria Theresa ta Ostiriya, wadda ta yi yawo a kasuwanni tare da wuri a ƙarni na 19 kuma mata suka riƙa ratayawa a wuya. Sarauniyar ta rasu a 1780, kuma duk wanda aka buga tun daga lokacin, a Vienna da Landan da Paris da Rum da Bombay, wannan shekara ce a jikinsa, har adadinsu ya haura miliyan 300, saboda haka mafi yawansu kuɗin azurfarsu kawai suke da shi. Haka abin yake ga lambobi. Gidan buga kuɗi na Paris yana riƙe da tsofaffin hatimai kuma ya daɗe yana sake bugawa da su, sai dai tun daga 1832 ya fara sa wata ƙaramar alama a gefen lamba, wadda mai saye zai gani idan ya juya ta a ƙarƙashin gilashin ƙara girma: hannu mai nuni yana nufin tsakanin 1845 da 1860, ƙudan zuma tsakanin 1860 da 1879, ƙaho cike da 'ya'yan itatuwa kuwa daga 1880 zuwa yau. Lambar Napoleon mai ɗauke da shekarar 1805 a fuska da ƙahon nan a gefe halattacciya ce daga gidan da ya yi ta farko, amma ba ta ga zamanin Napoleon ba, kuma farashinta ɗan kaɗan ne daga na bugun farko. A lambobin zubi kuwa awo ake yi, domin tagulla tana tsukewa idan ta huce, don haka duk lambar da aka zuba daga gurbin wata tsohuwa takan fito ƙarama kaɗan, haruffanta su dakushe, fatarta ta yi ƙananan ramuka. Lambar Pisanello ta zamaninsa da wadda aka zuba daga jikarta a ƙarni na 19 hoto ɗaya ne a ido, amma bambancin milimita biyu ko uku a faɗi yana iya raba farashinsu ninki ɗari.

Lafiyar jikin lamba tana da nata hukunci, kuma a nan ne masu gado suka fi yi wa kansu asara da kyakkyawar niyya. Duhun da shekaru ke shimfiɗawa a kan tagulla da azurfa, wanda ke fara taruwa a lungunan haruffa kafin ya rufe fili, masu tarawa suna ɗaukar sa a matsayin shaidar tsufa da kuma kariya ga ƙarfen. Wanda ya ɗauko toka da lemun tsami ko ruwan tsamiya ya dirje lamba har ta yi ƙyalli ya cire wannan shaida, ya bar dubban siraran ƙwarzane da gilashi ke nunawa, kuma babu hanyar mayar da abin da ya tafi. Ana yi wa lambobin soja sassauci kaɗan, tun da an san masu su sun riƙa goge su domin fareti, haka kuma tsohuwar huda a saman lambar Italiya ta ƙarni na 15 ba ta cika rage mata kuɗi ba domin da ita aka rataye ta tun asali.

Sama da duk waɗannan akwai salsala, wato jerin hannayen da lamba ta bi daga wanda aka yi wa ita zuwa mai sayarwa na yau. Yadda malaman hadisi ke auna ingancin magana da isnadinta, haka masu wannan fanni ke auna lamba da takardun gwanjon da ta taɓa fitowa a ciki da sunayen waɗanda suka taɓa mallakar ta, kuma duk inda sarƙar ta yanke farashi yakan sauka. Suna a jikin ƙarfe shi ne mafi ƙarfin salsala. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya Birtaniya ta aika wa iyalan waɗanda suka mutu wani faifan tagulla mai faɗin santimita 12, fiye da miliyan 1.3 aka yi, kowanne da sunan mamaci ba tare da muƙami ko runduna ba, domin a nuna cewa mutuwa ta daidaita su. A kasuwa wannan ya sa faifan mai ɗauke da sunan da mutane da yawa ke amsawa yake da arha, domin ba a iya tantance ko wane ne, mai sunan da babu irinsa kuwa ya fi tsada, na mata kuma, waɗanda 'yan ɗaruruwa ne kawai, sun fi duka.

Wannan batu na suna yana da nauyi na musamman a kan lambobin da suka shafi Arewacin Nijeriya. Kamfanin Royal Niger, wanda dakarunsa suka yaƙi Bida da Ilori a 1897, ya fitar da lambarsa a 1899 a mataki biyu: ta azurfa mai suna a gefe ga Turawa, ta tagulla mai lambar ƙidaya kawai ga 'yan Afirka, waɗanda su ne mafi yawan masu riƙe da bindiga. Lambar hidimar Afirka da gwamnatin Birtaniya ta kafa a 1902 ta zo da ƙananan sandunan azurfa da ake maƙalawa a kan ƙyallen rataya, kowanne da sunan yanki da shekara, kuma wanda ke ɗauke da Arewacin Nijeriya da 1903 yana nufin yaƙin da aka ci Kano a watan Fabrairu da Sakkwato a watan Maris, a shekarar da Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada a Burmi, na 1906 kuwa yana nufin yaƙe-yaƙen Satiru da Haɗeja. Ga wanda ya ba da su waɗannan lambobi tunawa ce da nasara, ga zuriyar waɗanda aka yaƙa kuwa shekarun da ke kansu shekarun makoki ne, kuma bai dace mai nazari ya ɓoye ɗaya daga cikin fuskokin biyu ba. Amma a gefen irin wannan lamba akan samu lambar aikin soja da muƙaminsa da bataliyarsa da sunansa, sau da yawa sunan yanka haɗe da sunan garin da ya fito, kuma ga talakan da bai bar wasiƙa ko hoto ba, wannan layi ɗaya tare da rajistar rabon lambobi da ke ma'adanar takardun gwamnatin Birtaniya a Kew yana iya zama kaɗai rubutacciyar shaidar rayuwarsa. Kasuwar Landan ta saba biyan kuɗi mai yawa a kan lambar hafsan Bature fiye da ta kurtun Afirka da suka tsaya a fili ɗaya, domin na farkon yana da fayil da hoto da labari a jarida, wato bambancin farashin yana bin bambancin abin da aka ga dama aka rubuta game da kowannensu.

Lambobin Yaƙin Duniya na Biyu, waɗanda suka fi yawa a akwatunan gidajen tsofaffin sojoji daga Kano zuwa Kumasi, matsalarsu ta fi haka, domin Birtaniya ta raba su ba tare da buga suna ba. Tauraron tagulla na yaƙin Bama da aka ba dakarun runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma bai bambanta da na kowane soja daga Ingila ba, kuma idan shi kaɗai ne kuɗinsa kaɗan ne ƙwarai. Abin da ke ɗaure shi da mai shi shi ne takardar sallama daga aikin soja, da littafin biyan albashi, da hoton da aka ɗauka da kaki, da sauran lambobin da aka jera tare a kan ƙyalle ɗaya. Dillalai suna sayen irin wannan jeri a dunƙule da farashin da ya ninka jimillar ɗaiɗaikunsa, masu binciken tarihi kuma da shi suke iya bin sawun mutum daga barikin Zariya ko Kaduna zuwa dazukan Arakan a ƙasar Bama. Idan magada suka raba lambobin a tsakaninsu, takardun suka tafi wani gida ko gara ta cinye su, tauraron yakan koma ɗaya daga cikin dubban ɗaruruwa masu kama ɗaya, kuma babu wata rajista da za ta iya nuna cewa wannan ƙwaya ta musamman ita ce aka rataya wa wane.